A Kan Cinyata Take Wuni

Shekarar da soja suka kori farar hula aka shiga rage ma'aikata, sunana na cikin na farko. Na tattara komatsaina na koma Bodinga, na sami dakalin ƙofar gida na zauna. Zaman da na yi ke nan.

Ana cewa baƙin ciki a zuci yake. Nawa dai a ido ya sauka. Fadamar albasar bayan gari, da duk korenta, sai na riƙa ganinta kamar an watsa mata toka. Ja da shuɗin zanen matata suka zama ɗaya. Amma tsagar da ke katangar maƙwabci na haddace ta tsaf, kuma duk wanda ya wuce bai gaishe ni ba, tun daga nesa nake hango shi.

'Yata tana da shekara uku. Da yake ba ni da aikin fari balle na baƙi, uwarta takan miƙo mini ita da sassafe ta koma ga turmi, don da dakau muke ci. Ba ta karɓarta sai magariba, a ɗaki mai duhu. Yarinyar ta daina ƙiriniya, ta lafe a ƙirjina. Ni sakarai har daɗi na ji, wai ta yi hankali.

Wata ranar kasuwa Inna, mahaifiyata, ta zo daga Shagari. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ɗaga haɓar yarinyar.

"Wayyo ni! Idon ɗiyag ga awa ɗorawa! Shawara ta. Tun yaushe?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ba ka sani ba? Ga hannun wa take wuni?"

Na duba, wallahi na duba. Sai da ta ja fatar idon ta ce, "Diba nan," sannan rawayar ta fito mini.

Muka kai ta asibiti a Sakkwato. Likita ya ce ciwon shawara ne, ya tambayi abin da ya hana mu zuwa tun makon jiya. Kwana biyu ta ƙara.

Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare. Na sani, amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba, har yau haushin kaina nake ji. Matata ba ta taɓa faɗa mini ko uffan ba. Sai dai da Allah ya ba mu wani ɗa, ko bayan gida za ta zaga ina zaune, sai ta goya shi.