Fassarar da Na Ƙirƙira wa Waƙar Bature

Ina shekara ta biyu da fara gabatar da zaɓen masu saurare a ƙaramar rediyon garinmu, Matameye, na tsinci waƙar a salular wani abokina. Tsohuwar waƙar Turawa ce, jita na tafiya a hankali, namiji yana rerawa kamar mura ta kama shi. An ce a ƙasarsu ta daɗe tana kan gaba a jerin waƙoƙin da aka fi so. Na sa ta sau ɗaya don cike lokaci, sai ga ta a saman allonmu, inda muke jan layi da alli duk lokacin da wani ya kira ya zaɓa. Mako bayan mako ta ƙi sauka. Har daga Yauri ta nan yankinmu ake kira.

A gidan rediyonmu ba a sa waƙar baƙon harshe sai mai gabatarwa ya faɗi abin da take cewa. Ni kuwa lakwal na yi, wato bokon Faransanci, Ingilishina bai wuce gaisuwa ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na buɗe baki na ce ɗa ne a ƙasa mai nisa yake roƙon uwarsa gafara, yana ce mata yana nan tafe. Na tsara ta har ni kaina na ji tausayi.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin tasha ta riƙe maganar. Ɗanta ya tafi Libiya, an daɗe babu labarinsa. Ba ta da salula, don haka duk Juma'a da hantsi takan tako da ƙafarta ta tsaya a tagar ɗakin shiri.

"Ɗana, a sa min ta yaron nan."

Ranar da darakta ya kira ni biro, wato ofishinsa, na tarar da wani Alhaji zaune, ɗan kasuwa ne da ya yi boko a Kano. A mota ya ji shirin, ya biyo ba'asi. Darakta ya kunna waƙar ya ajiye salular a kan tebur. Ban taɓa jin waƙa mai tsawo irin na ranar ba. Alhaji ya runtse ido yana gyaɗa kai. Na tsani bawan Allahn nan a lokacin, alhali bai yi min komai ba.

"Babu uwa a ciki," in ji Alhaji. "Mutum ne yake gaya wa budurwarsa ya tafi ke nan, kada ta jira shi."

Darakta bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi min sauƙi. Ya ce sanarwar rasuwa da ta rigakafi duk ta bakinmu suke fita, in aka fara shakkarmu an gama. Ko in gyara a cikin shirin Juma'a, ko in ajiye aikin.

Aikin ya dame ni, amma tsohuwar ta fi damuna. Kwana uku ina juya yadda zan tunkare ta. Har na yi tunanin in yi gyaran a gurguje tun tana hanya, sai na ga wannan ma wata ƙaryar ce.

Da Juma'a ta zo na fita na tare ta a ƙofar gidan rediyon. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, waƙar nan ba abin da na faɗa take cewa ba. Ban san harshen ba. Ni na ƙirƙira."

Ta dube ni ta ce:

"To, me yake cewa?"

Na so in ce ban sani ba, amma na riga na sani. Na ce, "Ya ce ya tafi ke nan, kada a jira shi."

Ta sa hannu ta gyara tiren da ke kanta.

"Wannan ya fi kama da nawa," ta ce.

Ta juya ta nufi tasha, ni kuma saura minti biyar in shiga shiri.