Kujerun Aro

Malam Tsaf wanki da guga ya gada, kuma a kansu ya tsufa. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne a bakin layi: tebur mai shimfiɗe da tsohon bargo, dutsen guga na gawayi saboda wuta ba ta da alƙawari, sai igiyoyi da ke ɗauke da rigunan mutane. Ba iyayensa suka sa masa wannan suna ba, 'yan layi ne, don ko shara zai zubar sai ka rantse ɗaurin aure za shi. Rigunansa ba su da yawa, amma ba a taɓa ganin ɗaya a yamutse ba.

Aƙidarsa ɗaya ce, ya kuma maimaita ta har yaransa sun haddace: talauci a ciki ake barinsa, ba a sa shi a jiki. Ranar da aka kwana da yunwa a gidansa, ranar ce karin gugar wandonsa ya fi kaifi. Bai taɓa buɗe baki ya ce wa wani mahaluƙi ba shi da shi ba. Wasu na yaba masa, wasu na cewa girman kai ne da aljihu wayam. Ni dai ina ganin duka biyun akwai.

Manyan 'ya'yansa duk makarantar gwamnati suka yi, suka fito da abin da ya sawwaƙa. Auta ce ta zo da kai na daban. Yarinyar nan ko takardar da aka ƙunso sabulu a ciki sai ta karanta. Da za ta gama firamare, sai wata makarantar kuɗi da ke bayan babban titi ta sanar da cewa za ta ɗauki ɗa ɗaya daga unguwar kyauta, har littattafai da kayan makaranta, in ya ci jarrabawa kuma aka tabbatar iyayensa ba su da hali. Yara da yawa suka zauna, biyu suka haye: Auta, da ƙawarta 'yar makaniken da gidansu ke jikin nasu.

A nan gardama ta tashi tsakanin Malam Tsaf da ƙanin matarsa, wanda yara ke kira Kawu Ticha, malami a sakandaren gwamnati. Duk yamma yakan biyo ta shagon, ya zauna a kan benci, ya buɗe baki.

"Yaya, ka san me suke yi? Su zo su tsince mana masu ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, su bar mana aji cike har taga, sannan a ce mu ba ma koyarwa. Su kuma su liƙa hoton yarinyar a allon talla."

"To ku gyara taku mana," in ji Malam Tsaf, yana hura gawayi. "Rufin ajinku ma ruwa yake zubarwa."

"Wa zai gyara? Duk mai bakin da za a ji ya kwashe nasa ya kai can. In kowa ya gudu, wa zai yi ihu?"

"Kai ka tsaya ka yi ihun, ai murya gare ka kamar lasifika. Ni 'yata ba sandar gwajin zurfin ruwa ba ce."

Kawu Ticha ya yi dariya, amma bai sauka ba. Ya ce gurbi ɗaya a unguwa guda ba taimako ba ne, caca ce. Malam Tsaf ya ce ko caca ce, a bar shi ya jefa tasa. A ransa ya san ƙanin matar tasa yana da gaskiya ta wani gefen, sai dai gaskiyar ba ta koya wa Auta lissafi.

Sai makaranta ta aiko cewa mutanenta za su zo su ga gida. Aka sa wa gidan Malam Tsaf rana, aka ce na makanike sai wani makon.

Ɗakin da za a sauki baƙin ba komai a ciki sai tabarma da bakinta ya fara zarewa, da akwatin ƙarfe, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Malam Tsaf ya tsaya a ƙofa yana kallo, zuciyarsa ta ƙi. Manyan mutane su tako har gidansa, ya zaunar da su a ƙasa? Su koma su ce 'yar gidan ƙazamai za su ɗauka? A tunaninsa tarbiyya za su zo dubawa, su ga ko yarinyar ta fito daga gidan mutunci. Maganar rashin hali kuwa, ai ya riga ya faɗa musu sana'arsa, me ya rage?

Matarsa ta leƙa gidan makanike. Matar makanike mace ce mai hannu sake. Kafin a gama roƙo ta ce, "Haba dai, mene ne amfanin maƙwabtaka? Ku kwashe. In namu ya zo kwa ba mu aron labule." Aka ɗauko kujerun kushin, da kafet, da talabijin, da fanka mai tsayuwa, har da agogon bango. Malam Tsaf ya goge wani labulen da mai shi bai zo karɓa ba, ya rataya. Ya sa wa Auta sitati a riga har tana ƙara in ta motsa.

Baƙin suka zo, mace ɗaya mai tabarau da maza biyu. Suka nutse a kushin, fanka tana kaɗa su, aka kawo musu lemon kwalba mai sanyi. Matar ta dubi talabijin, ta dubi labule, ta tambaye shi yadda sana'a take.

"Alhamdu lillahi, Hajiya," in ji shi, ya gyara zama. "Asiri a rufe. Ba mu nemi komai mun rasa ba."

Suka yi godiya suka fita. A bakin ƙofa ɗaya daga cikin mazan ya ce tunda ga su a layin, kuma gidan ɗaya yarinyar ga shi nan, me zai sa su sake ƙona mai wani makon? Suka yi sallama a gidan makanike. Suka tarar da ɗaki fayau, ko abin zama babu, sai ƙusa a bango inda agogo yake. Matar makanike ta rikice, kunya ta hana ta cewa kayanta suna maƙwabta, don faɗin haka tona asirin Malam Tsaf ne. Ta shimfiɗa musu zane a siminti suka zauna.

Da sakamako ya fito, 'yar makanike aka ɗauka.

Auta ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Kawu Ticha ya zo shago, wannan karon bai zauna ba.

"Yaya, kayan aro ba ya rufe katara, kai kuma naka har ya yi maka yawa. Tashi ka je ka faɗa musu gaskiya. Ni ban son makarantar, amma yarinyar nan haƙƙinta ne."

Makanike ma ya zo da kansa, hannu duk baƙin mai, ya kasa haɗa ido da Malam Tsaf. Ya ce shi ma ba iya biya zai yi ba, kujerun nan tun na auren matarsa ne, amma in Malam Tsaf yana so, su tafi tare su yi bayani. Ya faɗi haka ne duk da cewa tasa 'yar har ta gwada kayan makaranta ta zagaya layi da su.

Malam Tsaf ya tafi shi kaɗai. Ya sami matar nan mai tabarau a ofis, ya gaishe ta, ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Hajiya, ni ba ni da shi. Ban taɓa samu ba."

Ta ajiye biro ta dube shi. Ya tambaya, in aka gano an yi kuskure a dubawar, za a iya ɗaukar yaran duka biyu? Ta ce gurbi ɗaya ne, ba ta da ikon ƙara shi. In akwai wata magana ya faɗa, za a sake zama, a karɓe daga wadda aka ba, a ba wadda ta fi cancanta. Akwai maganar?

Ya tuna matar da ta zaunar da baƙi a siminti ta yi shiru saboda shi. Ya ce babu, ya yi godiya, ya fito.

A gida ya sami Auta zaune a ɗakin, an riga an mayar da kayan mutane. Ya zauna kusa da ita ya gaya mata komai, bai rage ba, har abin da aka tambaye shi a ofis da amsar da ya bayar. Ya ce za ta shiga makarantar kawunta, kuma laifin nasa ne, ba na kowa ba. Ya yi zaton za ta yi kuka, ko ta ce don me bai tona ba. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana jan zaren bakin tabarmar da yatsa.

"Ba na so a karɓe mata, Baba," ta ce. "Amma da ka bari sun zauna a nan. Ni ban taɓa jin kunyar ɗakinmu ba, sai ranar da na ga kai kana ji."

Ranar Malam Tsaf bai koma shago ba.