Tambayar Baba Mai Ajami

Shekara uku na yi ina sakataren kwamitin tuntuɓa na unguwarmu a New Bell. An ba ni aikin ne don ina jin Faransanci, kuma ina karanta boko da ajami. Dokar taron ita ce ba a tambaya da baki. Kowa ya rubuta abin da ke ransa ya jefa a kwali, ni in tattara, in mayar da Faransanci, in karanta wa baƙon da aka turo mana daga ofishin hukumar gari. Shugaban kwamitin, wani Alhaji mai shagon yadi, shi ke duba takardun kafin in karanta. Yakan ce baki yana kawo faɗa, takarda kuwa ba ta ɗaga murya.

A shekarar da aka ce za a faɗaɗa babbar kwatar ruwan da ke bayan layinmu, an zo an shafa jan fenti a bangon gidajen da ke bakinta, alamar za a rushe su. Ranar taro ajin makarantar da muke arowa ya cika har taga. Ruwa na dukan kwano, sai da na riƙa ɗaga murya.

Cikin takardun akwai wata da aka rubuta da ajami a bayan takardar siminti. Na gane hannun. Na wani dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa yana dako a tashar jirgin ruwa, har bayansa ya ranƙwafe. Ya rubuta cewa matarsa ta shekara biyar ba ta taka ƙasa ba, shi ke ɗaga ta, shi ke mata wanka. Ya ce ƙofar ɗakinsu daidai take da ƙasa, shi ya sa yake iya jawo ta waje ta sha iska. In an rushe, ina zai kai ta?

Alhaji ya karanta, ya miƙo mini. "Ka taƙaita. Mutanen nan ba sa son dogon labari."

Na taƙaita. Na ce da Faransanci: wane tanadi aka yi wa masu rauni? Baƙon ya gyara tabarau, ya ce tambaya ce mai kyau, kuma ana nazari a kanta. Aka wuce.

Bayan an tashi dattijon ya tare ni a bakin ƙofa, lemarsa a hammata.

"Ɗana, ka karanta tawa kuwa?"

"Na karanta, Baba."

"Na yi shekara talatin ina jin Faransancin Turawan jirgi. Ban ji ka ce mata ba. Ban ji ka ce ƙafa ba."

Bai zage ni ba, ya buɗe lemarsa ya shiga ruwa.

Wata na gaba ya sake rubuto ta, kalma da kalma. Wannan karon ban nuna wa Alhaji ba. Na sa ta a aljihu, da lokaci ya yi na fito da ita na fara karantawa yadda take. Ina kaiwa wajen wanka Alhaji ya buga tebur.

"Sakatare, wannan matsalar gida ɗaya ce. Nan maganar unguwa ake yi."

Baƙon ya ce in haɗa ta da rahoto, za a ba da amsa a rubuce. Na haɗa. Na bi sawu ofishinsu sau biyu, nakan zauna a benci tun safe har azahar. A zuwa na biyu wata mata a ofishin ta ce mini wanda ke riƙe da fayil ɗin an canja masa wurin aiki.

Motar rusau ta zo wata Talata da hantsi. Mu huɗu muka ɗauko tsohuwar a kan ƙyauren ɗakinta, don shi ne abu mafi faɗi da muka samu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta rufe fuska da mayafi saboda idon jama'a, tana ta cewa, "Ku yi haƙuri, na wahalar da ku." Muka sa ta a bayan a-kori-kura, mijin ya hau ya riƙe kanta, suka nufi unguwar PK 14 wurin 'yarsu, mai ɗaki ɗaya a saman bene.

Kafin damina ta ƙare aka aiko mana da rasuwarta. Na je gaisuwa. Na hau matakalar nan mai tsayi, ina ƙirga ta ba da niyya ba. 'Yar ta ce tun ranar da aka hau da ita ba ta sake saukowa ba sai da aka sauko da gawa. Dattijon ya karɓi gaisuwata, ya tambayi mahaifiyata, ya sa aka kawo mini ruwa.

Ban ajiye aikin ba a lokacin. Na ƙara shekara guda, domin babu wanda ya yarda ya karɓa. Kwatar kuma an faɗaɗa rabinta aka tsaya, har yau in an yi ruwan kwana biyu sai mun ɗora katifu a kan tebur.