Damaris da Rawar Filazma

Damaris Bitrus 'yar unguwar Romi ce, ubanta tsohon ma'aikacin masaƙa. A ajinsu ita kaɗai ce mace da ta zarce zuwa digiri na biyu a fiziks, ta kuma zaɓi filazma, wato iskar da ake cusa wa lantarki a bututun gilashi har ta kama haske.

Hasken nan ba ya tsayawa cik. Rawa yake yi, wani sa'in a tsare, wani sa'in kamar ya haukace. Shekara uku tana aune-aune duk ranar da aka kawo wuta, har ta gano rawar irin ta lilo ce, amma lilo mai gardama: ka tura shi a hankali ya tafi daidai, ka ƙara ƙarfi ya rikice. Ta fitar da lissafin da ke nuna daidai inda rikicewar za ta fara. Ta gwada sau arba'in, bai saɓa ba.

Farfesan da ke duba aikinta ya karanta, ya ce, "Bar shi a wurina, 'yata."

Bayan wata takwas ƙawarta Scholastica ta turo mata wata mujallar ƙasar waje a waya. Ga lissafinta, ga zane-zanenta. Sunaye uku ne a sama: farfesa, shugaban sashe, da ɗan ƙanwar farfesa, wanda bai taɓa taka ɗakin gwajin ba.

Ta same shi a ofis. "Sa, ban ga sunana ba."

Ko kai bai ɗaga ba. "Sa hannuna kike jira kafin ki gama, ko kin manta?"

Kwamitin ƙorafi kuwa shugaban sashen ne ke jagorantarsa. Ta haƙura, ta karɓi takardar digirinta, ta dawo gida.

Yanzu tana koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a Mahuta, inda ko batir babu na gwaji. Bara farfesa ya kira ta. An gayyace shi taro a ƙasar waje, wai ta tuna masa yadda aka samo zane na huɗu.

"Ai aikinka ne, Sa," ta ce, ta kashe wayar.

Ya tafi abinsa, ya dawo da hotuna, aka ƙara masa girma.

Damaris ta iya koyarwa, ɗalibanta suna cin jarrabawa. Amma duk yarinyar da ta ce mata fiziks take so ta karanta a jami'a, sai ta dube ta, ta ce, "Je ki yi nas."