Yawun Duna

Har yau washegarin wata Babbar Sallah ba ta fita daga raina ba. Lokacin ina ƙaramar likitar dabbobi a wani asibiti mai zaman kansa a unguwar Gudu, kuma ni aka bari aiki saboda manya sun tafi hutu. Bayan la'asar waya ta shigo daga Alhaji Sabo, darakta a wata ma'aikata, mazaunin unguwar Kado.

"Dakta, ki zo da allurar kashe kare. Duna ya haukace."

Na san Duna. Ƙaton baƙin kare ne irin na 'yan sanda, mai zurfin ƙirji, kuma ni da hannuna na yi masa rigakafin hauka. Alhaji yana ji da shi tun da ya kori ɓarayi daga gidan, amma son daga nesa ne. Gudun yawunsa, ba wanda ke taɓa shi. Da sanda maigadi yake tura masa kwano.

Maigadin, Danladi, mutumin ƙauyen Yangoji da Hausarsa ba ta nuna sosai ba, shi ya tare ni a ƙofa. "Dakta, tun safe kare tana zuba yawu, tana zagaye. Oga ya ce a kulle, kada ya ciji yara."

Na tambaye shi me karen ya ci. Ashe ragowar shinkafa da naman Sallah aka cika masa daro, ya lamushe a tashi ɗaya, ya ɗirki ruwa, sannan aka sake shi ya yi ta gudu yana haushin baƙi.

Na leƙa kejin, ga Duna. Yana ta kakarin amai, ba abin da ke fita sai kumfa. Ciki ya kumbura, na ƙwanƙwasa na ji kamar ganga. Na ɗaga leɓensa, dasashi ya yi fari fat. Wannan ba hauka ba ce, kumburin ciki ne. Iska ke cika tumbi har ya murɗe, ƙofar sama da ta ƙasa su toshe, jini ya daina gudana. An fi ganinsa a manyan karnuka masu zurfin ƙirji, kuma ciwo ne da ba ya jira.

Na soka allura a gefen cikin don iska ta fita, na ce a kawo mota, sai tiyata. Ni da Danladi muka kasa ɗaga shi. Sai ga Alhaji, da farar shaddarsa ta Sallah, ya durƙusa ya tallafi kan Duna. Karen ya ɗago ido, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya. Mu uku muka ɗaga shi cikin motar, amma ko titi ba mu hau ba ya cika, kansa a kan cinyar Alhaji.

Alhaji ya daɗe yana shafa cikin nan mai tauri. "Dakta, da tun safe na taɓa shi, zan gane?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. "Za ka ji ba daidai ba, ranka ya daɗe. Da wataƙila mun ceto shi."

Ku likitocin dabbobi da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙa gaya wa masu karnuka tun ranar farko: a raba abinci biyu ko uku, kada a tara shi lokaci guda, a bar kare ya huta kafin ci da bayan ci. In an kira ku an ce kare yana dalalar da yawu, ku yi hattara da hauka, amma ku tambayi cikinsa. Mutanenmu ba mugunta ke sa su ja baya ba, tsoro ne da tsantseni, kuma abin yana ci mini rai har gobe.

Da muka koma gidan, Danladi ya kawo wa Alhaji buta. Ya wanke hannu, ya tsaya yana kallon tafinsa.

"Ashe iyakar abin ke nan," ya ce. "Ruwan buta ɗaya."