Barsim ɗin Yaya Idi ya zama tarko

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Idi makwancinsa. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, kuma gara in faɗa tun farko cewa da fushi nake wannan rubutu.

Idris wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A unguwar Ruwais ta Jidda aka haife mu, kakanmu ne ya zo aikin hajji bai koma ba. Yaya ya yi rabin rayuwarsa yana gadi da ban ruwa a wata gona kudu da Jidda, bayan an wuce Kurayyat, gonar wani dattijo Balarabe wanda shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardun zama. A ƙarshen gonar akwai wani fili da gishiri ya cinye, ba a komai da shi. Yaya ya nemi izini, ya yi ta wanke ƙasar da ruwa, ya zuba takin tumaki, ya shuka barsim, ciyawar nan mai ganye uku-uku da ake sayar wa masu awaki dami-dami. Shi kuwa ba don awaki ya shuka ba. Don abin da ba shi da mai shi ya shuka: zomayen jeji, bushiya, ƙudan zuma, da salwa da kurciyoyin da ke bin gaɓar tekun nan sau biyu a shekara, su sauko a galabaice. Yakan ce su ma baƙi ne masu wucewa irin kakanmu, kuma wani ne ya ba kakanmu ruwa a hanya.

Shukar ba ita ce wahala ba, riƙon ne. Na sha kai masa ziyara ran Juma'a in tarar da shi durƙushe yana tumɓuke ciyawar ƙiri-ƙiri da hannu, don ya ce maganin ciyawa a cikin tsuntsu yake ƙarewa. Ba ya yanka sai fure ya fara leƙowa, kuma ba ya kai lauje ƙasa, yakan bar tsayin yatsu huɗu. Bai taɓa yanke filin gaba ɗaya ba. Rabi yake yi ya bar rabi, saboda abin da ke ciki ya sami maɓoya. Da bazara yana ban ruwa kafin rana ta yi ƙarfi, yana tsaye har ruwan ya tsotse, don idan ya kwanta saiwa dahuwa take yi. Inda ya yi sanƙo kuma sai ya jira sanyi ya watsa sabon iri. Dattijon yakan sa a ajiye masa kujera a bakin filin, ya zauna yana kallo, kuma ya hana kowa shiga da bindiga.

Da Yaya ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ni na riƙe masa aikin. Bayan rasuwarsa dattijon ya mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, hannunsa, na zauna. Abin da na ga Yaya yana yi shi na ci gaba da yi, ban ƙara ba ban rage ba. Shekara huɗu muna haka, sai dattijon shi ma ya rasu, gonar ta koma hannun babban ɗansa, Majid.

Na yi zaton zai sa a nome barsim ɗin a zuba siminti. Da ma hakan ya yi. Cewa ya yi in ƙara kula da shi, har ya aiko da sabon iri, ni kuma na yi ta sa masa albarka. Da lokacin wucewar tsuntsaye ya zo, sai ga motoci uku. Suka kafa tanti daidai inda kujerar mahaifinsa take zama, suka rataye wata na'ura mai kukan salwa a kan sanda, suka jera bindigogi. Tsuntsayen da suka yi shekara da shekaru suna sauka nan ba wanda ya ko ɗaga musu hannu, ba su san gudu ba. Kafin hantsi an cika buhu. Majid ya miƙo mini shi ya ce in fige, yana murmushi, sannan ya ambaci Yaya da Amm, wato baffa, ya ce: "Allah ya jiƙan Amm Idris. Wallahi ya gyara mana wuri."

Ni ba malami ba ne, ba zan ce farauta haramun ce ba. Wanda ya shiga jeji ya sha rana ya samo abinsa, tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma wannan ba farauta ba ce, cin amana ce. An ɗauki amincin da mutum ya yi shekaru yana ginawa a guiwoyinsa, an mai da shi abin kira zuwa ga mutuwa, sannan an haɗa da sunansa a addu'a kamar shi ya ba da shawarar. Wannan addu'ar ta fi harbin ƙona mini rai.

Amma kada in tsaya a kan Majid, don fushina mafi girma a kaina yake. Na fige tsuntsayen nan. An ba ni kasona na karɓa, na kai gida aka soya. Hajara, matar Yaya, tana zaune da mu tun rasuwarsa. Ta tambaye ni daga ina, na gaya mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ture kwanon gefe ta ce: "Haruna, kai ne kake ba barsim ɗin ruwa?" Na ce ni ne. Ta tashi ta shiga ɗaki. Duk da haka shekara huɗu na yi ina ban ruwa ina figa, ina gaya wa kaina cewa iƙama a hannun Majid take, kuma mai iyali ba ya jayayya da kafili. Gaskiya ce, amma ba ta taɓa sa na ji sauƙi ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai yi da ya ga wannan. Ba mai faɗa ba ne, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Sai dai na san ba zai riƙe buhun nan ba.

Bana, kwana uku kafin su Majid su zo, na ɗauki lauje na yi abin da bai taɓa yi ba. Na yanke filin kakaf, na raba wa masu awakin da ke maƙwabtaka da mu. Ina yanka ina jin kamar naman jikinsa nake yanka. Suka iso suka tarar da kututture, babu inda salwa za ta fake. Suka kunna na'urarsu har rana ta take, abin da suka samu bai rufe gindin buhu ba. Majid ya kira ni ya tambayi wa ya sa ni. Na ce ba kowa. Ya kalle ni ya ce halas, shi ke nan, idan na gaji da aikin akwai masu nema. Har yau bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Iƙamata ta kusa ƙarewa, ban san abin da zai yi ba.

To me ya rage na Yaya Idi bayan shekara tara? Ba gida ya bari ba, ba shago ba. Na daɗe ina zaton koren filin nan ne gadonsa, shi ya sa na yi ta tsaronsa alhali ana kisa a cikinsa. Yanzu na gane dalilin shukar ne gadon, kuma shi na bari ya mutu ina riƙe da tiyon ruwa. Saiwar tana nan da rai, ta fara tofo. Idan sanyi ya shiga, maharba sun tafi, zomaye za su dawo su ci. Idan kuma lokacin wucewa ya sake zagayowa ina nan, zan sake yankewa. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe mini shekaru huɗun nan.