Baba da Sunayen Ƙarshen Fim

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a ɗakinmu na unguwar Nu'aija, a ƙasar Larabawa, daga ni sai Sani direba. Gari ya cika da baƙin Kofin Duniya, mu kuwa gajiya ta hana mu fita. Wani fim ɗin Japan ya ƙare, sunayen waɗanda suka yi shi suka fara hawa, Sani ya miƙa hannu zai kashe talabijin. Na riƙe hannunsa.

"Yaya, khalas, ya ƙare, ai an kama mai kisan," in ji shi.

Na ce, "Zauna."

Dokar Baba ce, dattijon da muka yi gadin wani gini tare a unguwar West Bay. Shi ya saba mana da finafinan nan lokacin kullen korona. Sai ya dafa shayi mai citta, ya goge tabarau da gefen riga, sannan in riƙa fassara masa rubutun da ke fitowa a ƙasan allo. In fim ya ƙare, ba mai tashi.

Wata rana na yi ƙorafi: "Baba, sunayen nan da rubutun Japan suke, ba ka iya karantawa."

Ya ce, "An ce a bikin finafinai na Turai tsaye ake yi musu tafi. Mu ko zaman ba za mu iya ba? Har mai yi musu shara yana ciki."

Korona ta ɗauke shi, ba a bar mu mun raka shi makabarta ba. Ginin da ya tsare yana nan, sunansa babu ko'ina.

Allah Ya haskaka makwancinsa. Mai karatu, in fim ya ƙare kada ka tashi. Bari sunayen su gama wucewa, ka sa Baba a addu'a, sannan ka kashe.